Tayoyin Farrier: Ƙaryar Fim Da Gaskiyar Matuƙi

Mai karatu, da gardama wannan sharhi ya samo asali. Wata Lahadi da yamma muna zaune a tsakar gidan wani abokina a Barnawa, an ɗauke wuta an tada janareto, sai aka ce a sake saka mana 'Dunkirk', fim ɗin nan na darakta Christopher Nolan da ya fito a 2017. Cikinmu akwai wani dattijo, tsohon makanike, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kamfanin harhaɗa motocin Peugeot na Kakuri. Ba ya jin Turanci sosai, amma hakan bai rage masa komai ba, domin fim ɗin kusan babu surutu a cikinsa. Tun daga farko bai ce uffan ba, sai da aka zo ƙarshe, inda mai ya ƙare wa matuƙin jirgin yaƙi Farrier, farfela ta tsaya cak, jirgi ya riƙa lilo a kan gaɓar teku, shi kuma yana ta buga wani hannu kamar mai famfon burtsatse don ya sauko da tayoyi. Nan Baba ya ajiye kofin shayinsa.

"Kai! Yaron nan zai kashe kansa. Taya a cikin yashi? Ai kifewa zai yi."

Muka yi dariya, wani ya ce, "Baba, fim ne fa." Ya ce shi ma ya san fim ne, amma ko 504 ka shigar cikin yashin kogin Kaduna da gudu, ka san abin da zai same ka. Na koma gida maganar tana yi mini yawo a ka. Da na bi diddigi sai na tarar dattijon nan, wanda bai taɓa shiga jirgi ba, ya taɓo ainihin abin da matuƙan tsofaffin jiragen yaƙi suka fi tattaunawa a kai.

Ga wanda bai ga fim ɗin ba: labarin kwashe sojojin Ingila da na Faransa ne sama da 338,000 daga gaɓar garin Dunkirk a 1940, bayan Jamusawa sun yi musu ƙofar rago. Nolan ya raba shi uku, tudu da ruwa da sama. Na saman shi ne ya dame mu a nan. Tom Hardy ne ya fito a Farrier, kuma kusan duk fim ɗin fuskarsa a rufe take, idanu kawai kake gani. Jiragen Spitfire da aka yi aikin da su na gaske ne, tsofaffi 'yan zamanin yaƙin, irin waɗanda masu kuɗi da gidajen tarihi ke adanawa suna fito da su ranar bikin wasan jirage.

A gaskiya dole a sara wa Nolan a kan abu guda. Tun a arangamar farko harsashi ya fasa wa Farrier gejin mai. Daga nan ba shi da hanyar sanin abin da ya rage a tanki sai ya tambayi abokin tashinsa Collins ta rediyo, ya duba agogo, ya ɗauki alli ya rubuta lissafi a jikin allon gabansa. Shi ke nan. Babu ihu, babu hoton budurwa a aljihu, babu wasiyya. Amma duk lokacin da kyamara ta koma kan wannan rubutun alli sai ka ji cikinka ya ɗuri ruwa, saboda kai ma ka shiga lissafin. Ka san ya kamata ya juya gida. Shi ma ya sani. Ya hango jirgin abokan gaba zai yi wa jirgin ruwa luguden bam, ya dubi allinsa, ya yi shiru, ya ci gaba. Wannan shirun ya fi mini duk wani dogon jawabi da na taɓa ji a bakin jarumi. Haka nan fitowar da Collins ya sauka a kan teku murfin gilashinsa ya cije, ruwa na cika wurin yana ta dukan gilashi. Duk wanda ƙofar tsohuwar tasi ta taɓa cije masa ya san abin ba almara ba ne.

To amma daga inda inji ya mutu, sai Nolan ya ajiye allin gaskiya ya ɗauki burushin mai zane. Jirgin da ba shi da inji, kuma ba wani nisa ya yi sama ba, ya wuce gaɓa, ya kewayo, har ya harbo wani jirgin Jamus, ya sake miƙewa yana ta shawagi kamar shirwa, kiɗa na tashi. Sannan ga tayoyin da Baba ya yi ƙorafi a kai. Haƙiƙa an saukar da Spitfire na gaske a wannan gaɓa lokacin ɗaukar fim, amma da injinsa lafiya lau, a wurin da aka zaɓa aka duba. Matuƙin da inji ya mutu masa a kan ƙasar da bai sani ba, abin da aka fi koya masa a irin waɗannan jirage shi ne ya bar tayoyi a ciki, ya sauka da ciki, jirgi ya ja ƙasa ya tsaya. Dalili kuwa, nauyinsu a gaba yake, in taya ta nutse sai hanci ya kafe, jirgi ya yi adungure, matuƙi ya koma ƙarƙashi. Kuma da Farrier ya cinna wa jirginsa wuta don kada ya faɗa hannun maƙiya, ka lura da kyau: gaba ya cinye, babu inji a ciki, wani sanda ne kawai riƙe da farfela. Fim mai kyautar Oscar uku! Da a Kano aka yi wannan, da wasiƙun masu karatu sun cika mana shafi biyu.

Abin da ya ba ni mamaki, ƙasa da mako biyu kafin a fara nuna 'Dunkirk' a sinima, ainihin wannan jarrabawa ta faru a gaban dubban 'yan kallo, kuma akwai kyamara a cikin jirgin. Ranar 9 ga Yuli, 2017, a filin Duxford na Ingila, ana rufe bikin wasan tsofaffin jiragen yaƙi da ake kira Flying Legends. Al'adarsu ita ce a ƙarshe jirage su tashi gaba ɗaya su yi jerin gwano a sama. Wani matuƙi, Mark Levy, yana cikin Mustang, jirgin Amurka na zamanin yaƙin duniya na biyu, wanda aka yi wa laƙabi da Miss Velma. Ana shirin sauka sai injinsa ya yi tari, ya ɗauke. Ya dawo. Ya sake ɗaukewa.

Daga baya Cibiyar Kiyaye Haɗurra ta ƙungiyar matuƙa ta AOPA a Amurka ta fitar da hoton, haɗe da hirar da shugabanta Richard McSpadden ya yi da Levy, suna tsayar da hoto suna bin abin daki-daki. Yana nan a YouTube. Ni dai a wurina, in ana maganar tada hankalin ɗan kallo, wannan ɗan hoton ya doke ƙarshen 'Dunkirk', alhali ba darakta, ba kiɗa, ba wanda ya rubuta labari.

Ka san me ya sa? Saboda mugun cikin labarin shi ne sa rai. Da injin mutuwa ya yi murus, da magana ta ƙare, sai neman fili. Amma inji mai mutuwa yana farfaɗowa kamar janareton da ya sha ruwa yake, kowane tari yana ce maka, "Yi haƙuri, zan kai ka." Ga titin sauka can yana hangowa. Ga jirgi na miliyoyin daloli, ba nasa ba, amana ce aka ba shi, kuma irinsa ba a ƙera sabo. Ga jama'a sun zuba ido. Tsakaninsa da titin kuma akwai babbar hanyar mota ta M11, motoci na ta wucewa. Levy ya sauke tayoyi, domin zuciyarsa ta raya masa zai kai. Tayoyi kuwa in sun fito iska suke tarewa, su cinye gudun jirgi, shi kuma gudu shi ne ran jirgin da ba shi da inji. Da ya ga lissafi ba zai fita ba, sai ya yi abin da ya fi komai wuya: ya mai da tayoyin ciki, ya kau da kai daga titin, ya nufi wata gonar hatsi, ya kwantar da jirgin da ciki. Jirgi ya lalace, shi ya fito da ƙafafunsa, ba wanda ya ƙwarzane a ƙasa. An gyara jirgin, ya sake tashi da sabon fenti da sabon suna.

Dubi bambancin. A fim, jarumta ita ce sauke taya a daƙiƙar ƙarshe, a ceci jirgi, kiɗa ya tashi. A Duxford, jarumta ita ce mai da taya, mutum ya haƙura da abin da yake so, ya yarda a gan shi a gona cikin ƙura. Kuma a hirar bai ɓoye kurakuransa ba. Ya faɗi yadda firgici ya daskarar da shi na ɗan lokaci, da inda ya ɓata daƙiƙoƙi yana bin injin da lallashi. Yaushe rabon da ka ga jarumin fim, namu ko na Indiya ko na Amurka, ya zauna ya ce, "A nan na yi wauta"?

In kana ganin na cika ciki da batun taya, ga kishiyar labarin. Ranar 2 ga Oktoba, 2019, wani tsohon jirgin jefa bam mai inji huɗu, B-17, ya tashi daga filin Bradley a jihar Connecticut ta Amurka da mutum 13, yawancinsu masu sha'awar tarihi da suka biya kuɗi a zaga da su. Matuƙin ɗan shekara 75 ne, kuma ba a san wanda ya fi shi daɗewa a kan irin wannan jirgi ba. Inji ɗaya ya ba da matsala, ya kashe shi, ya juyo. Sai ya sauke tayoyi tun da sauran nisa, gudu ya ragu, jirgi ya kasa kai titi. Mutum 7 suka mutu har da shi. Masu bincike sun ɗora laifi a kan yadda ya sarrafa gudun jirgin, sun kuma tarar da sakaci a gyaran na'urar da ke ba fulogi wuta. Baba da na ba shi labarin cewa ya yi, "Da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da tsohon fulogi."

Wato ke nan yawancin abin da ke faruwa a sama, tun a ƙasa aka rubuta shi. Haɗarin Shoreham na Ingila, ranar 22 ga Agusta, 2015, shi ya fi nuna haka. Wani jirgin yaƙi Hawker Hunter ɗan shekarun 1950 ya tashi zai yi ƙundunbala a sama, ya shiga da ƙarancin gudu, ya kai ƙololuwa a wajen ƙafa 2,700 inda ake buƙatar aƙalla 3,500. A wannan gaɓar akwai hanyar fasawa: a mirgina jirgi a miƙe, a haƙura da wasan. Rahoton masu bincike na 2017 ya ce ba a taɓa horar da matuƙin a kan wannan hanyar kuɓuta a irin wannan jirgi ba. Ya ci gaba, jirgi ya faɗa kan hanyar mota, mutum 11 suka mutu, wasu ma ba kallo suka zo ba, wucewa kawai suke yi. Shi ya rayu. Mako guda cif bayan haka, ranar 29 ga Agusta, jirgin Dornier 228 na sojan samanmu ya faɗi cikin barikin Ribadu a nan Kaduna jim kaɗan da tashinsa, mutum 7 da ke ciki suka rasu.

Na kawo Kaduna da gangan, domin kada wani ya ce wannan tatsuniyar Turawa ce. Gaskiya ne ba mu da attajiran da ke ajiye Spitfire a gareji. Tsofaffin jiragenmu ko dai an kafe su a ƙofar bariki yara na ɗaukar hoto, ko kuma suna nan suna aiki. Amma tun da aka kafa rundunar sojan sama a 1964, a garin nan ake koya wa matuƙanta tashi. Mu da ke ƙetaren kogi, daga Kakuri zuwa Nasarawa, Barnawa, Narayi har Sabon Tasha, mun taso muna ɗaga kai in ƙananan jiragen koyo sun gifta. Air Beetle, wanda a nan Kaduna aka harhaɗa guda 60, shi ne ya faɗi da malamin matuƙa Guruf Kyaftin Adanu Ochai a watan Agustan 2017, wata guda bayan fitowar 'Dunkirk'. Sannan ranar 28 ga Satumba, 2018, ana gwajin wasan jirage na bikin cikar Nijeriya shekara 58, jirage biyu samfurin F-7 suka gogi juna a sararin Abuja, wajen dutsen Katampe. Matuƙa uku suka cilla kansu waje da lema, ɗaya daga cikinsu, Sikwadiron Lida Bello Mohammed Baba-Ari, ya rasu. Shi kuwa F-7 ɗin nan, jikan MiG-21 ne na Rasha, ƙirar China.

MiG-21. Na san masu kallon Indiya sun riga sun gane inda na dosa. 'Rang De Basanti' na Rakeysh Omprakash Mehra, 2006, inda Madhavan ya fito a Ajay Rathod, matuƙin da tsohon MiG ya lalace masa, ya ƙi tsalle don kada jirgin ya faɗa kan gari, ya mutu, ministan tsaro kuma ya ce gangancinsa ne. Wannan fim bai damu da zama da kai cikin jirgi ba. Labarin mutuwar ta talabijin ya iso, sai makoki, sai Waheeda Rehman da tutar da aka naɗe aka miƙa mata. A nan Nolan ya fi shi. Amma Mehra ya yi tambayar da Nolan bai yi ba, kuma ita ce tambayar makanike: wa ya sayo kayan gyaran, nawa aka ce an saya, wa ya sa hannu? Ban yarda da maganin da su Aamir Khan suka ɗauka na harbe minista ba, fim ɗin ya yi wa bindiga kwalliyar da ba ta cancanta ba. Duk da haka ya sa ƙasa guda ta yi maganar kusoshi da kwangila. Indiya ba ta sallami MiG-21 ɗinta na ƙarshe ba sai a Satumbar 2025.

Mu fa? A 2021 an yi 'Eagle Wings' na Paul Apel Papel da haɗin gwiwar rundunar sojan sama, har namu Yakubu Mohammed ya fito. An ga jirage na gaske, an ga kaki, an yi abin a yaba. Sai dai fim ɗin da mai jirgi ya ba ka aron jirgi, da wuya ka tambaye shi ranar da ya canja fulogi.

A finafinan Hausa da littattafanmu kuwa abin ya fi ban takaici. Marubutanmu, musamman 'yan'uwa mata, suna son matuƙin jirgi ƙwarai. Dogo ne, fari, da farar riga mai igiyoyi a kafaɗa, yau yana Dubai gobe yana Landan, ƙamshin turarensa ya cika babi uku. Amma har littafi ya ƙare ba za ka gan shi yana tuƙi ba. Aikinsa ado ne, kamar agogon hannunsa. In kuma marubuciya ta gaji da shi tana son jaruma ta auri ƙaninsa, sai a kunna rediyo a ji jirgi ya faɗi. A fim ma haka haɗari yake: ƙarar birki, a girgiza kyamara, sai asibiti, likita ya fito ya cire tabarau ya girgiza kai, "Sai dai haƙuri." An mai da haɗari tsintsiyar share wanda ya tare wa labari hanya, sannan a lulluɓe da kalmar ƙaddara. Ba wanda ke jayayya da ƙaddara. Amma tun muna allo aka hore mu da a ɗaure raƙumi tukuna, kuma wurin ɗaure raƙumin nan ne labari yake. Shi ne muke tsallakewa.

Kada furodusa ya ce mini kuɗi. Cire jiragen Nolan ka ga abin da ya rage: idanu biyu, agogo, alli, da gejin da ya fashe. Ba sai ka je sama ba ma. Ɗauki direban tanka da ya fito daga matatar mai da lodi, ya doshi cunkoson Sabon Tasha da yamma, ya taka birki ya ji iska. Motar ba tasa ba ce, maigida ya ce in ta ƙwarzane a bakin aikinsa. Tun da safe yaron mota ya ce masa tiyo na yoyo, ya ce a bari sai an dawo. Birkin bai mutu duka ba, yana kamawa yana saki. Dama akwai rami da fili, gaba akwai 'yan acaɓa da masu talla, kuma zuciyarsa na ce masa in ya ƙara bugawa sau ɗaya zai kama. Zauna da mu a cikin wannan mota, kada ka yanke zuwa asibiti, kada ka sa waƙa. Matuƙa suna da ƙa'ida in abu ya ɓaci: riƙe tuƙi tukuna, sannan ka san inda ka nufa, magana ita ce ta ƙarshe. Mu a finafinanmu magana ce farko, ita ce tsakiya, jarumi na mutuwa yana jawabin minti biyar.

Na koma Barnawa da hoton Duxford a waya na nuna wa Baba. Sau uku ya sa na maimaita masa wurin da tayoyi suka koma ciki. Sannan ya nuna ɗaya mutumin, mai yin tambayoyi, ya ce wannan fa, da gani ya san aiki. Na ce ƙwarai, tsohon jagoran tawagar wasan jirage ta sojan saman Amurka ne, Thunderbirds, kuma ya yi shekaru yana koya wa matuƙa abin yi in inji ya ba da matsala. Baba ya ce yana nan? Na ce a'a. Ranar 1 ga Oktoba, 2023, wani ƙaramin jirgi da yake ciki shi da wani matuƙi ya sami matsala jim kaɗan da tashi a Lake Placid, suka juyo za su koma fili, ba su kai titi ba, duka biyun suka rasu.

Baba ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce in sake mai da masa baya.